Ranar da Ankon Biki Ya Hau Gulbi

A unguwar Zariya ta Maradi babu wanda bai san Inusa tela ba, kuma duk wanda ya san shi ya san teku, ko yana so ko ba ya so. In ka kai masa ɗinkin wando, kafin ya gama auna ƙugunka ya kai ka tsibirai ya dawo da kai. Sau ɗaya tak ya taɓa barin ƙasa, shekarar da ya raka abokinsa Kamilu direba ɗauko kaya a Kwatano, can bakin teku, amma a wannan tafiya ya samo labarin da zai ci har tsufa. Wai wani bature ya ɗauke shi a jirgin ruwa mai tafiya da iska, ba inji ba mai, sai wani ƙaton zane da ake ɗagawa sama. Wai sun zaga tsibirai masu farin yashi da itatuwan kwakwa, ya ga kififfiya mai faɗin tabarma, ya ga wani kifi da ke tsalle gaban jirgi yana dariya, har ya miƙa hannu ya shafa kansa.

Kamilu, da aka yi tafiyar da shi, ya san iyakar abin da ya faru. Inusa ya naɗe ƙafar wando ya taka bakin ruwa, igiyar ruwa ta taso masa, ya bar mata takalmi ɗaya ya ranta a na kare. Amma Kamilu ya sha jin labarin a fadarsu ta shan shayi da ke ƙofar shagon, har shi ma ya fara tuna baturen. Mutum ɗaya ne ya ƙi haɗiye maganar, abokinsu Maman Lawali mai dafa musu shayi, kuma shi ya laƙaba wa Inusa sunan Kafitan, wato shugaban jirgi, don tsokana. Inusa ya karɓi sunan hannu bibbiyu.

A yi masa adalci, akwai abu ɗaya da ba ƙarya a ciki: ɗinkinsa ba ya warwarewa. Zane ya tsufa ya mutu, ɗinkin Inusa yana nan daram. Matsalarsa alkawari. In ya ce maka gobe, sai ka tambaye shi goben wane wata.

Shi ya sa matarsa Raihanatu ta sha wuya kafin ta samo masa aikin anko. Ƙanwarta Maijidda za a aurar, a kai ta garin Tsibiri, kuma Raihanatu ce ta goye ta tun rasuwar mahaifiyarsu, ita ce yayar, ita ce uwar. Da kanta ta shiga kasuwa ta zaɓi atamfar, shuɗiya mai zanen kifaye rawaya, don ta san maigidanta da son ruwa. Ɗan abin da aka kawo matan biki suka wawashe, ko ƙyalle bai rage a kasuwa ba. Sannan ta bi gida-gida tana roƙon mata su kawo wa mijinta ɗinkin, har da Hajiya Fasuma, gwaggon ango, wadda mutanen Tsibiri ke gyara zama in an ambaci sunanta.

Ta jibge masa turamen a kan teburin yanka ta ce, "Baban Rahma, ga amana nan. Da bakina na roƙi matan ga. Hajiya Fasuma cewa ta yi labarin alkawalinka ya kai Tsibiri tun bara. Na ce mata in ka saɓa, ni za a kama."

"Haba Raiha! Mutumin da ya riƙe jirgi tsakiyar teku shi za ya kasa riƙe almakashi?"

"Ni dai almakashin nike so ka riƙe. Ɗiya guda gare ni ta aurarwa bana, ina so in shiga fili cikin ankona in yi rawar da ban taɓa yi ba."

Ya dafa ƙirji ya ce ta je ta kwanta da kunnuwanta biyu. Kuma da ya cika, in da Gulbi bai kawo a makon nan ba.

Gulbin Maradi rabin shekara yashi ne, jakuna ke birgima a cikinsa. Amma in damina ta kankama sai a wayi gari ya cika ya batse, ya malale fadama, mutane su riƙa zuwa kallo. Da la'asar ɗin ranar, Maman Lawali yana tsiyaya shayi daga sama ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, "To Kafitan, ga ruwa ya biyo ka har gida. Sai mu ga aiki."

Aka fashe da dariya. Inusa bai yi dariya ba. Ya ɗauko sandar awo ya share ƙasa ya fara zane.

"Ku da ba ku hita ba, ku saurara. Ga Jiratawa. Ga Maradi. Ga Tsibiri. Daga nan ruwan ga shina karkatawa shi koma Najeriya, shi haɗu da wani, wanin shi haɗu da Kwara, Kwara ta zuba teku. Ruwa guda ne. Wanda ya iya na can ya iya na nan."

"Wannan kau gaskiya ne," in ji Kamilu.

Inusa ya ci gaba, "Alhazan garin ga har Dubai suke tahiya don su hau ruwa. To ni nan zan hau da su. Jirgin iska, kujeru, shayi, a zaga tsibiran Gulbi, a ga dabbobin ruwa."

"Waɗanne dabbobi? Kwaɗi?"

"Rashin sani ya fi dare duhu, Maman Lawali. Ruwan da ya haɗu da teku, mi za ya hana dabbar teku ta kawo ziyara?"

"Parmi. Sai ta nuna takarda kan iyaka."

Kafin a sha shayi na uku an sa rana: gwaji daga Jiratawa, kowa ya zo ya gani. Yini bai yi ba magana ta gama unguwa, masu kabu-kabu suka kai ta kasuwa. Raihanatu kaɗai ba ta ji ba, tana can gidan biki tsakanin tukwane.

Inusa ya ture turamen mata gefe ya shiga aikin jirgi. Ya aro tano-tano, wato gangunan ƙarfe, wurin mai sayar da man gyaɗa, ya ɗaure su da igiya, ya kwance teburin yankansa ya shimfiɗa a kai, ya kafa doguwar sandar itacen turare a tsakiya. Ya ɗinka wa kansa hula mai baki, ya zagaye ta da ragowar zaren zinariya na wata rigar amarya. Zanen iska kuwa, da buhunan dusa ya yi shi, ya harhaɗa su ya shanya a katanga ya tafi masallaci. Awakin unguwa ba su san jirgi ba, amma sun san ƙamshin dusa. Da ya dawo, abin da ya tarar bai isa a rufe tukunya ba, wata akuya ma tana tsaye tana tauna tana kallonsa.

Safiyar gwaji ta yi, ga jirgi ba zane, ga Kamilu zai zo da mota. Inusa ya shiga shago ya turo ƙofa, ya zauna ya yi tagumi. Sai idonsa ya faɗa kan kifaye rawaya suna iyo a shuɗin ruwa, jibge a kusurwa.

Shaiɗan bai sha wahala da shi ba. Turmin da ba a yanka ba, ai zane ne mai faɗi. A haɗa baki da baki da dogon ɗinki, da yamma a ja zare ɗaya su rabu, a sa guga, wa zai sani? Atamfa ma tana son shan iska kafin a yanka ta. Ya hau keken ɗinki. Sai dai ƙafar da ta saba ba ta jin magana. Yana tafiya yana tuna bakin Maman Lawali, yana cewa a ransa kada iska ta ɓalle ɗinki a yi masa dariya, sai ya matse ɗinkin, ya dawo ya bi shi karo na biyu. Da ya zo wurin haɗa zane da sanda, bai taɓa ganin yadda masu jirgi ke yi ba, don haka ya yi yadda tela ke yi. Ya yi wa zanen ƙubaka irin ta wando, ya zura sanduna sama da ƙasa, ya kawo basilla da zaren dukawa ya ɗinke komai jikin sandar turare, ƙam. Turmi ɗaya ya rage, ga Kamilu yana ta danna oda a waje, sai ya maƙala shi a ƙololuwa da 'yan allurai ya zama tuta.

A bakin Gulbi a Jiratawa manoma suka bar garakensu suka zo kallo, ga mutanen Zariya sun biyo a kan babura. Da aka tayar da sandar, zanen ya buɗe. Gaskiya abin ya yi kyau. Wani tsoho ya matso ya ce, "Sannunku da aiki. Shanya kunka zo yi?"

Maman Lawali ya daɗe yana kallon kifayen. Ya jawo Inusa gefe.

"Kafitan, wagga atamfa kamar na san ta."

"Duk atamfa kama gare ta."

"Inusa, ka ji tsoron Allah, in ba ka ji ba ka ji tsoron Hajiya Fasuma."

"Kahin magariba kowane turmi ya koma ledarshi. In tsoro kake ji, tsaya nan ka riƙe muna takalma."

Maman Lawali ya ɗauki butarsa da ɗan murhunsa ya hau. Ya ce abin da zai faru yau ba ya son a ba shi labari.

Kamilu ya hau na ƙarshe. Allah ya yi shi da jiki, yana sa ƙafa gefen jirgi ya nutse, ɗaya gefen ya ɗaga, aka yi ta matsa da shi kamar ana auna hatsi har aka samu wurin da ya daidaita. Inusa ya gyara hula, ya ɗaga hannu, ya yi wa jama'a jawabi a kan tarihi, sannan ya ce a tura. Aka tura. Sai da suka yi nisa da gaɓa ya tuna gorar tuƙi tana jingine jikin mota.

Iska ba ta zo ba, ruwa ne ya ɗauke su. Jirgin ya fara juyawa a hankali, yanzu suna kallon Jiratawa, an jima suna ba ta baya. Jama'a na bin su a gaɓa suna tafi.

"Haka ake yi," in ji Inusa. "Don fasinja shi ga ko'ina."

"Ni dai na ga gidan can sau uku," in ji Kamilu, "kuma cikina ya fara magana."

Inusa ya yi kamar bai ji ba. Ya nuna wani tudun yashi da ruwa ya zagaye, da tumfafiya ɗaya a kai da tsohuwar tayar mota.

"Jama'a, tsibiri na farko!"

"Kwakwar ba ta nuna ba?" in ji Maman Lawali.

"Shiru! Ku dubi can! Kififfiya!"

Wani abu mai ƙusumbi yana tahowa a kan ruwa. Inusa ya durƙusa yana kiransa da bakin da ya ce bature ya koya masa. Abin ya zo ya bugi tano ya kife, sai ga ƙwaryar wata baiwar Allah, har da ɗinkin da aka yi mata inda ta tsage. Maman Lawali ya tsamo ta ya ce ko ba komai an samu abin kwashe ruwa.

Can gaba kaɗan wani baƙin abu ya ɓullo, da hanci yana huci.

"Allahu akbar! Dorina! Ban ce muku ba? Kada wanda ya motsa, shekara da shekaru ba a ga irinta nan ba."

Dorinar ta ɗago kai, sai ga ƙaho biyu da igiya a hanci. Daga gaɓa wani ya ƙwala kira, "Kai masu shanya! Ku bar mini sana shi sha iska!"

Dabbar ruwa ta gaskiya ba ta jira an gabatar da ita ba. Wani guza da ruwa ya koro daga raminsa ya ga busasshen katako, ya hawo abinsa ya kwanta kusa da ƙafar Kafitan yana fitar da harshe. Mutumin da ya shafa kan kifin teku bai san sa'ad da ya ɗare bayan Kamilu ba, ya riƙe masa wuya yana salati. Jirgin ya karkata, butar shayi ta gangara ta tafi. Guza ya ga gidan ba zaman lafiya, ya sulale ya koma ruwa.

"Sauka mini!" in ji Kamilu. "Wallahi yanzu na tuna. Babu wani bature. Takalmi ka bari Kwatano!"

"Kamilu, ba lokacin tone-tone ba ne."

Da gaske ba lokacinsa ba ne, don gabas ta riga ta haɗe. Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san iskar da ke gaban hadari, wadda ke kwashe rufin kwano ta kai unguwar gaba. Ta iso. Zanen da ya wuni a rataye ya cika fam, sandar turare ta yi ƙara, jirgin ya zabura. Ƴan kallo suka yi ihu, Inusa ya zaci yabo ne.

"Kun gani? Kun ga tahiya?"

"Mun gani! Sauke zanen!" in ji Maman Lawali.

"Ba a sauke shi."

"Kamar ƙaƙa ba a sauke shi? Ina igiyar?"

"Wace igiya? Ɗinke shi na yi."

Maman Lawali ya dube shi, ya dubi sama. "Inna lillahi. Ku kama mu yage!"

Su uku suka rataya jikin zanen suna ja. Kamilu ya sa dukan nauyinsa, wanda ya isa ya karya gado. Ko zare ɗaya bai motsa ba. Kuma ku ji halin mutum: cikin wannan tashin hankali, ruwa na dukan fuskarsa, Inusa ya waiwayo da fara'a ya ce, "Kun ga ɗinki ko? Ku faɗa wa mutane!"

Abu ɗaya ne ya saki, tutar da aka maƙala da allurai. Ta tashi sama ta buɗe tsawonta, ta yi ta wulwulawa kan Gulbi, ta sauka can tsakiyar ruwa, kifayen suka bi igiya suka yi arewa. Jirgin kuwa iska ta fitar da shi daga hanyar ruwa ta cusa shi fadamar da ta malale, ya bi ta kan masarar mutane yana sharewa, ya nufi wata garkar zogale da ke kan ɗan tudu.

Rabon a sha kunya, a garkar nan matan biki suke. Raihanatu ta kawo su sayen zogale da tattasai na abincin taro, har da Hajiya Fasuma da ta ce ba a saye mata ganye ba ta gani ba. Suna cikin ciniki da mai garkar, Tanimu, wanda shi ne mai san da aka kira dorina ɗazu, sai wata ta ce, "Ku dubi wani abu can."

Hajiya Fasuma ta kare ido da hannu. "Ikon Allah. Launin ga kamar namu."

"Har da kihin," in ji wata.

Raihanatu ta ƙura ido. Ta hango hula mai zaren zinariya, ta ajiye kwandon da ke hannunta a hankali.

Jirgin ya daki tudu ya tsaya cak. Mutanen ciki ba su tsaya ba, suka wuce gaba cikin taɓo. Sandar turare ta yi jim kamar mai shawara, sannan ta kwanto, zanen ya sauko ya lulluɓe matan gaba ɗaya, da su da kwandunansu. Aka yi ta kururuwa a ƙarƙashi, ana ganin kawuna na motsi. Ƴan kallo suka iso a guje, masu babura da manoma, kowa ya samu wurin tsayawa.

Maman Lawali ya tashi zaune cikin taɓo, ya share ido ya ce, "To, a daina cewa tela ba shi cika alkawali. Ga shi ya sa musu anko tun kahin ranar, kuma su duka lokaci guda."

Hajiya Fasuma ce ta fara fitowa, ɗankwali a karkace, ganyen zogale a gira. Ta tsaya kan Inusa.

"Kai ne telan?"

"Ni ne, Hajiya. Barka da... ina gajiya?"

"Gajiya tana gabanka, ɗan nan. Mi zanena yake yi bisa itace?"

"Iska yake sha, Hajiya. Atamfa in ta sha iska..."

"Ta sha. Saura kai."

Tanimu ma yana nasa faɗan a kan zogalen da aka kwantar, amma ba wanda ya saurare shi, don ruwa ya sauko. Aka ja zanen zuwa rumfarsa, aka samo reza, mata suka zauna suna yanke ɗinkin zare bayan zare, suna tsine wa ƙarfinsa. Inusa yana tsaye a waje ruwa na dukansa, ba wanda ya ce ya shigo. Da aka gama, kowace ta ɗauki turmi ɗaya ta rungume. Sai aka ga hannu ɗaya ba komai, na wata yarinya daga dangin ango, ta fara ƙwalla.

Aka sake ƙirgawa, turmi ɗaya babu. Atamfa iri ɗaya ce, ba mai iya cewa ta wa ce ta bi ruwa, kuma kowa ya san babu irinta a kasuwa. Hajiya Fasuma ta juya ta dubi Raihanatu.

Raihanatu ta miƙa wa yarinyar nata. "Riƙe, ƙanwata. Nawa ne ya tahi. Ni na ce a kama ni."

Ta ɗauki kwandonta ta fita cikin ruwan, ta wuce mijinta ba ta dube shi ba. Da zagi ta yi da ya fi masa sauƙi. Tun da aka san Inusa, ranar ce aka fara ganin bakinsa a rufe, kuma har ga Allah ya ba mu tausayi.

Hajiya Fasuma ta so kwashe ɗinkin ta kai wani wuri, amma babu telan da zai karɓi anko biki na bakin ƙofa. Dole aka wanke turamen aka goge aka mayar wa mai laifi. Ta sa aka kawo mata kujera ƙofar shago, ta zauna da carbinta tana gadi. Inusa ya shimfiɗa tabarma a ƙasa, tun da tebur yana can garkar Tanimu, ya yi ta yanka yana ɗinki, ba fada, ba shayi, ba teku. Maman Lawali ya leƙo ya ce, "Kafitan, yaushe za a koma?" Ko kai bai ɗaga ba. Abin da Hajiya ba ta lura ba, almakashin tela ya fi idon mai gadi sauri, balle mai gadin da ke gyangyaɗi bayan azahar.

Safiyar kai amarya Raihanatu ta fito da wata tsohuwar atamfarta tana gogewa, sai ya shigo ya ajiye leda a gabanta ya koma bakin ƙofa ya tsaya. Ta buɗe. Riga ce da zani da ɗankwali, shuɗi mai kifaye rawaya. Ta ɗaga rigar ga haske, sai ta ga haɗi, nan haɗi, can haɗi, wani kifin kansa na kallon gabas wutsiyarsa na kallon sama.

"Baban Rahma, ina ka samo?"

"Ragowa ce, Raiha. Abin da ya faɗi ƙasa."

"Ragowa har da zani?"

"An samu albarka."

Ta dube shi, ta dubi rigar, dariya ta ƙwace mata har da hawaye, shi ma bai san wanne ya fi yawa ba. Ta sa kayanta.

Albarkar ta bayyana a Tsibiri. Da makaɗa suka saki kalangu aka ce mata su shigo fili, sai aka ga abin mamaki. Duk macen da ta ɗaga hannu sai ya tsaya a rabi. Rigunan sun kama su a hammata, zannuwan da ƙyar suka zagayo, ɗankwali kuwa kamar an ɗora wa kowa hankici. Da wani tela ne da rigunan sun yage an huta, amma ɗinkin Inusa ne. Mata suka tsaya ƙiƙam suna rawa da kafaɗa, numfashi sama-sama. Mace ɗaya ce ke juyi a tsakiyar fili, hannu sama, kifayenta na kallon ko'ina, ta jawo amarya ta rungume tana guɗa.

Hajiya Fasuma ta taho da ɗan gajeren taku, don zanin bai yarda da dogo ba, har inda Inusa ya raɓe bayan Kamilu.

"Tela! Hito nan. Turmi guda na ba ka. Ina sauran zanena?"

Inusa ya cire hula, ya nuna tsakiyar fili.

"Ga shi can shina rawa, Hajiya."

Hajiya ta juya. Ta daɗe tana kallon Raihanatu da Maijidda. Ta yunƙura za ta kai masa duka, hannun ya tsaya a rabi, sai ta yi tsaki ta mayar da shi.

"Allah ya shirye ka," ta ce. "Tahi ka ce ma makaɗan su ƙara wuta."